Mabul: daga teburin kicin ɗin Hajiya zuwa notin kan Bature

Nura: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Nura ne ke magana, ga Malam Habu da kofin shayinsa kamar kullum, ga kuma Hajiya Rabi da ta shigo mana yau fuska a murtuke. Hajiya, lafiya dai?

Hajiya Rabi: Ina fa lafiya, Nura. Teburin kicin ɗina ne, wanda na kashe wa kuɗi ba kaɗan ba. Shekaranjiya autata ta yanka lemon tsami za ta matsa a zoɓo, ta kife rabin a kan teburin ta tafi ta kwanta. Da gari ya waye na ɗaga ɓawon, sai ga wani zagaye dishi-dishi, kamar an ɗora ƙaramin kofi an zana gindinsa. Ba irin wankin da ban yi ba. Na sa sabulu, na sa soso, har ruwan zafi. Yana nan daram.

Malam Habu: Kin kira wanda ya kafa miki shi?

Hajiya Rabi: Na kira shi mana, ina ta faɗa. Ka san abin da ya ce mini? Wai "Hajiya, ai murna za ki yi, wannan ya nuna mabul na gaske na sa miki."

Malam Habu: To wallahi gaskiya ya faɗa miki.

Hajiya Rabi: Malam, kai ma?

Nura: Ka ga faɗuwa ta zo daidai da zama, don kalmar da za mu tattauna yau ke nan. Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya turo tambaya. Ya ce shi da Faransanci ya yi karatu, yanzu yake koyon Turanci. Ya san marble dutse ne, amma ya ji a wani fim an ce tsoho "has lost his marbles", shi ne yake tambaya, duwatsun me tsohon ya zubar?

Malam Habu: Tambaya mai daɗi. Amma mu fara da teburin Hajiya, tunda zuciyarta na can. Shi wannan dutse da Bature ke rubutawa m-a-r-b-l-e, mu kuma a kasuwa muke cewa mabul, asalinsa irin dutsen nan ne da ake ƙonawa a yi siminti. Idan ya daɗe a can ƙarƙashin ƙasa, zafi da nauyin da ke danne shi suka gasa shi, sai ƙwayoyinsa su sake haɗuwa su tsuke, ya zama dutsen da in an goge shi yake sheƙi. To amma sinadarinsa bai canja ba, shi ne dai irin na ɓawon ƙwai. Kin taɓa jiƙa ƙwai a ruwan tsami mai ƙarfi?

Hajiya Rabi: Yara sun taɓa yi a makaranta. Ɓawon ya narke.

Malam Habu: Abin da lemonki ya yi wa teburinki ke nan. Ba tabo ba ne da za a wanke, cinye fuskar dutsen ya yi. Da giranit aka sa miki, ko tayil mai zanen mabul, da lemon ya kwana bakwai a kai ba abin da zai same shi. Mabul dutse ne mai laushi a cikin duwatsu, wuƙar kicin ma tana karce shi.

Hajiya Rabi: Oh ni Rabi. Wato na jabun ya fi na gasken ƙarko.

Malam Habu: A kicin dai, ƙwarai kuwa. Kuma kin taɓo wani abu. Mu a nan, duk abin da aka shimfiɗa a ƙasa yana ƙyalli, mabul muke ce masa. Ka shiga gidan mutum ya ce maka falon nan duk mabul ne, alhali tayil ne da ake sayarwa a kwali. Bature in ya ce marble, wannan dutsen yake nufi. In kama kawai abu ya yi da shi, sai ya ce marble effect ko marble finish. Duk wanda zai sayi kayan gini ya duba kwalin da kyau, waɗannan ƙananan kalmomin na gefe su ne suke faɗin gaskiya.

Nura: Malam, ni na taso ina jin ana cewa marmara. Ba shi ba ne?

Malam Habu: Nan ake yawan ruɗewa. Marmara a Hausar manoma da masu haƙar rijiya ita ce jan dutsen nan mai ramuka-ramuka da ake tararwa in an yi haƙa, wanda ake zubawa a hanya kafin kwalta. Ba ta sheƙi, kuma ba wanda zai yi teburin kicin da ita. Sai dai sunan ya yi kama da na Larabci, marmar, wanda shi dutsen adon yake nufi, shi ya sa za ka ga masu fassara suna rubuta dutsen marmara in sun ci karo da marble. Ita kalmar Turancin daga tsohon Faransanci ta shigo, marbre, wadda mai tambayarmu na Damagaram ya sani sarai. Faransanci ya gada daga Latin, marmor, Latin kuma ya aro daga Girkanci, marmaros. Har tekun da ke gefen Istanbul a Turkiyya, Tekun Marmara, daga wani tsibiri ya samo sunansa, inda aka daɗe ana fasa wannan dutse.

Hajiya Rabi: Ni fa inda na fara ganin darajar dutsen nan, a Harami ne. Muna ɗawafi da azahar, rana tana dukan ƙeya, amma tafin ƙafata bai ji zafi ba. Wata da muke tare ta rantse mini wai bututun ruwan sanyi aka binne a ƙasa.

Malam Habu: Mutane da yawa haka suke zato. Dutsen ne. Daga wani tsibiri na ƙasar Girka ake kawo shi, Tasos, fari ne tas, yana mayar da hasken rana maimakon ya shanye shi. Shi ya sa ba ya ɗaukar zafi irin na kwalta ko siminti.

Nura: Taj Mahal ma da shi aka gina, ko?

Malam Habu: Da shi, amma na Indiya, daga Makrana a jihar Rajastan. Sarki Shah Jahan ya fara ginin a 1632 saboda matarsa Mumtaz Mahal. Na Italiya kuma da ya fi suna shi ne na Karara, wanda shahararren masassaƙin Italiya Michelangelo ya sassaƙa gunkinsa mai suna David da shi. Mu ma muna da namu, akwai a Jakura a jihar Kogi, akwai a Igbeti a jihar Oyo. To yanzu mu zo ga tsohon da ya zubar da nasa. Nura, in na ce maka "the floor is marble", me ka fahimta?

Nura: Daɓen na mabul ne.

Malam Habu: In na ce "there is a marble on the floor" fa?

Nura: Akwai mabul a ƙasa. Ai duk ɗaya ne.

Malam Habu: Ka faɗi jarabawa. Wannan ɗan "a" ɗin da na saka ya canja komai. In dutsen ake nufi, ba a ƙirga shi, kamar yadda ba ka cewa ruwa ɗaya, ruwa biyu. Da zarar ka ji a marble, ko marbles da s a ƙarshe, to galibi an bar maganar gini, an koma ɗan ƙwallon gilashin nan da yara ke wasa da shi, mai wani launi a murɗe a cikinsa kamar idon mage.

Hajiya Rabi: Au! Irin wanda ake samu a cikin gwangwanin fentin feshi, mai ƙara in an girgiza?

Malam Habu: Irinsa. Mai tambayarmu shi ya sa ya ruɗe, don Faransanci ya raba su, dutsen marbre, ƙwallon wasan kuma bille. Turanci ne ya haɗa su a suna ɗaya. Dalili kuwa, a da can da gutsattsarin dutsen ake yin su, a Jamus ake niƙa su a injin ruwa har su mulmule. Daga baya aka koma yin su da gilashi, dutsen ya tafi, sunan ya zauna.

Nura: Kamar yadda har yanzu muke cewa gidan waya, ko "na buga masa waya", alhali ba wata waya a jikin salular.

Malam Habu: Ka farfaɗo daga faɗuwar ɗazu. Kuma kada ku ɗauka wasan yara ne kawai. A Ingila akwai wani ƙauye, Tinsley Green, inda tun 1932 ake gasar duniya ta wannan wasa ranar Juma'ar da ke gaban Ista. Manyan mutane da gemu, a durƙushe. Ana zuba ƙwallaye 49 a cikin da'ira mai faɗin ƙafa 6, ƙungiyar da ta fara fitar da 25 ita ta ci.

Hajiya Rabi: Mu da muka yi carafke da tsakuwa ba wanda ya ba mu kofi.

Nura: To tsohon fa, Malam? Har yanzu ba mu gano abin da ya zubar ba.

Malam Habu: Hankalinsa. In an ce mutum has lost his marbles, ana nufin kansa ya taɓu, ko ya fara ruɗewa irin ta tsufa. Mu ma ai muna cewa notin kansa ya kwance. Mu ƙarfen bakanike muka aro, su kayan wasan yara suka aro. Ka ƙaddara yaro ne ya tara ƙwallayensa a aljihu, su ne dukiyarsa kaf, sai aljihun ya huje. Akwai kuma kishiyarta. Za ka ji an ce tsohuwa ta haura shekara casa'in amma she still has all her marbles, wato hankalinta garau, ba abin da ya zube.

Hajiya Rabi: Ana iya faɗa wa mutum a gabansa?

Malam Habu: A'a, Hajiya, a yi hattara. Maganar raha ce tsakanin abokai, kamar ka ce wa abokin wasanka "kai, ka zautu ne?" Ba a rubuta ta a takardar ofis, ba a faɗa wa surukai, kuma wanda yake fama da taɓin hankali na gaske, faɗa masa wannan cin fuska ne. Na taɓa samun ɗalibi da ya tsinci karin maganar a littafi, ta burge shi, ya rubuta a insha'i cewa kakansa ya rasa marbles ɗinsa a gobarar kasuwa. Shi a nufinsa kayan shagon tsohon ne suka ƙone, don tayil yake sayarwa. Na kira shi gefe na ce, ɗana, ka san abin da ka ce game da kakanka?

Nura: Innalillahi! Ya haukata tsoho da alƙalami.

Malam Habu: Akwai wata da za ta yi maka daɗi, kai da ka yi ƙwallon layi. Amurkawa kan ce mutum ya kwashe marbles ɗinsa ya tafi gida, "pick up your marbles and go home".

Nura: Mai ƙwallo! Wallahi kowane layi akwai shi. Ba ya iya wasa, amma ƙwallon nasa ne. Ana cin su biyu sai ya sunkuya ya ɗauke abinsa ya rungume, wai ana kiransa a gida. Mu tsaya cirko-cirko.

Malam Habu: To shi. Ana faɗa wa ɗan siyasar da ya faɗi zaɓen fidda gwani ya fice daga jam'iyya a fusace. In kuma ka ji mai sharhin wasanni ya ce wasan yau "for all the marbles" ne, yana nufin wasan ƙarshe, wanda ya ci ya kwashe duka.

Hajiya Rabi: Ni a wajen masu kek na san kalmar. Marble cake, wanda ake haɗa kwaɓin fari da na cakulan a ɗan juya da cokali, in an yanka sai ka ga zane a murɗe.

Malam Habu: Wannan daga jijiyoyin da ke jikin dutsen aka ɗauko. Duk abin da launi ya ratsa shi haka, sai a ce marbled. Har nama. Mahautan Turai in kitse ya ratsa tsoka siri-siri, marbling suke ce masa, kuma shi ne mai tsada a wajensu.

Hajiya Rabi: Mu kuwa muna cewa mahauci ya rage mana kitse.

Nura: Malam, ina aka bar "words on marble"? Kullum ina gani a Facebook, mutum ya ɗora hotonsa ya riƙe haɓa.

Malam Habu: Wannan tamu ce, Turancin Najeriya. Ma'anarta magana mai hikima da ta cancanci a sassaƙa ta a dutse. In ka faɗa wa mutumin Landan zai iya lalubo nufinka, amma ba maganarsu ba ce. Ni ba na hana ɗalibaina amfani da ita, ina dai gaya musu su san inda take ci. Sannan ga wuri guda da s ɗin nan take yaudara. In ka ji Elgin Marbles a labarai, ba ƙwallon yara ba ne. Sassaƙe-sassaƙe ne da wani jakadan Birtaniya, Lord Elgin, ya ɗebo daga tsohon haikalin Fatenon a Atens a farkon shekarun 1800, gwamnatin Birtaniya ta saya a 1816, suna gidan tarihin Birtaniya da ke Landan har yau, Girka kuma tana ta neman a maido mata.

Hajiya Rabi: Irin rigimar kayan tagullar Benin ke nan.

Malam Habu: Uwa ɗaya uba ɗaya.

Nura: Saura furuci. Ni fa in na ce marble da Marvel, na finafinan nan, bakina abu ɗaya yake fitarwa.

Malam Habu: Ba kai kaɗai ba, Hausa ba ta da "v". A marble leɓɓanka biyu suke haɗuwa, kamar za ka ce baba. A marvel haƙoranka na sama ne suke sauka a kan leɓen ƙasa. Ita kuma "r" ɗin, mutumin Landan haɗiye ta yake yi ya ja wasalin, maabul, Ba'amurke kuma ya furta ta. Don haka mai tayil na kasuwa da ke cewa mabul bai yi nisa da Landan ba.

Hajiya Rabi: Duk na ji. Teburina fa, Malam? Shi ke nan ya tafi?

Malam Habu: Bai tafi ba. Ki daina dirza shi da soso, ƙara kashe shi kike yi. Ki sa mai aikin ya zo da injin gogewa da hodar da suke amfani da ita, ya sake fito da sheƙin wurin. Daga nan ki sayi katakon yanka, lemo da tumatir da tsamiya kada su sake taɓa shi.

Hajiya Rabi: Tsamiya ma? To a ina zan dama kunun?

Nura: A tsakar gida, Hajiya, inda kakanninmu suka dama nasu. Masu saurare, lokaci ya cimmana. Wanda ke da kalmar da ta shige masa duhu ya turo mana. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.