LED uku na ƙona kafin in gane abin da na haddace

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji, a cikin a daidaita sahu nake, su a nan oto suke ce masa, kuma wallahi ranar da na fara sauka Bengaluru na gan su reras a titi sai na ji kamar a Bata nake, ashe dama daga nan ake kai mana su, Bajaj da TVS duk kamfanonin Indiya ne. Yau kasuwar kayan lantarki ta SP Road za ni in sayo sensa mai auna danshin ƙasa, wadda nake da ita ta mutu, in mun koma ɗaki zan nuna muku gawarta.

To ga mu mun iso. Ku kalli layin nan dan Allah. Wanda ya san Farm Center a Kano ya ɗan san yanayin, sai dai nan ba waya kaɗai ba ce, shago ne ɗan mitsitsi wanda mutum uku ba za su tsaya a ciki ba amma durowoyi har rufi, ka faɗi sunan abu kawai mai shagon ko waiwaye ba zai yi ba zai miƙa hannu baya ya zaro maka. Kuɗi ma ba a cika taɓawa ba, waya za ka haska a kan lambar nan mai zane-zane ka tura, har mai shayi haka yake karɓa. Na samu abin da nake nema, mu koma.

Yauwa, ga teburina, kar ku kula da hargitsin. Bari in ba ku labarin da na daɗe ina jin kunyar bayarwa. Ni fa na ci fiziks a WAEC da kyau, lissafin lantarki na V = IR kuwa ko cikin barci ka tashe ni zan karanto maka, amma har na bar gida ban taɓa riƙe risista, wato ɗan abin da ke rage yawan wutar da ke bi ta waya, a hannuna ba, a allo kawai nake ganin ta an zana ta kamar haƙoran zarto. Ranar farko a lab aka ba kowa Arduino Uno, wannan ɗan allon shuɗi mai aiki kamar ƙaramar kwamfuta, da allo mai ramuka na soka wayoyi, da LED ja, wato 'yar mitsitsiyar fitila, aka ce kowa ya kunna tasa. Na ce a raina wannan ai wasan yara ne. Na haɗa ta kai tsaye da bolt 5, ta yi haske fau sau ɗaya ta mutu. Na ce lalatacciya aka ba ni, na ɗauko wata, ita ma haka. Ta uku har ɗan wari ta yi, ɗan Kerala da muke tebur ɗaya ya toshe baki yana dariya.

Sai ga dattijon da ke kula da lab ɗin, bai yi faɗa ba, ya kaɗa kai irin nasu wanda har yau ban iya bambance eh ne ko a'a ba, ya ajiye min wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa mai zobe ja, ja, ruwan ƙasa, wato risista mai om 220, ya ce in yi lissafi. Jama'a a nan kaina ya buɗe. Allon yana ba da bolt 5, LED ja wajen 2 take ci, saura 3 ke nan, kuma wutar da za ta iya ɗauka ba ta wuce miliam 20 ba, wato am 0.02, ka raba 3 da 0.02 ka samu om 150, shi ya sa ake sa mai 220 don a bar mata sarari. Lissafin da wani Bajamushe, Georg Ohm, ya fitar tun 1827, wanda na yi shekaru ina rerawa, ashe aikinsa ke nan, ya hana fitila ƙonewa. Na sa risistar, ta kama, ta zauna daram. Na fi minti biyar ina kallon ta kamar ɗan ƙauye ya shigo birni.

Su kuma yaran nan tun suna ƙanana suke wasa da kayan nan, kuma ƙasar ma ta ɗauki abin da zafi. Ranar 23 ga Agusta 2023 da kumbonsu Chandrayaan-3 ya sauka kusa da kudancin wata, da yamma wajen ƙarfe 6, ihun da aka yi a hostel ɗinmu sai ka rantse kofin duniya suka ci, ga shi hedikwatar ISRO, hukumarsu ta sararin samaniya, a garin nan take.

To yanzu ga aikin da nake yi na wannan zangon. Babanmu yana noman rani a Kura, tumatir da albasa, da ruwan da ke zuwa daga dam ɗin Tiga, na taso ina ganin ana tsoma yatsa a ƙasa a gane ko tana son ruwa. Shi ne na ce bari in sa na'ura ta yi aikin yatsan. Sensar tana cikin ƙasa, Arduino yana karanta lamba daga 0 zuwa 1023, in ƙasa ta bushe lambar ta yi sama, in ta jiƙe ta sauko, in ta wuce inda na yanka sai rile, wato makunnin da Arduino ke sarrafawa, ya yi ƙas ya tada famfo. Ga tsohuwar sensar, ku duba ƙafafunta biyu, sun yi kore sun zaizaye. Wuta ce ke bi ta jiƙaƙƙiyar ƙasa tana cinye tagullar a hankali, wato darasin kemistiri na aji biyar ne ya biyo ni har Indiya ya ci min kuɗi. Sabuwar a lulluɓe take, ƙarfenta ba ya taɓa ƙasa.

Jiya na kira Baba ta bidiyo na nuna masa, ina ta zuba bayani, ya bari na gama tsaf sannan ya ce, "To madalla, Allah ya yi albarka. Amma injinmu fetur yake sha kuma igiya ake ja ya tashi, abin naka yana da hannu ne?" Na yi shiru, ina jin Umma tana dariya daga can baya. Na ce Baba sai dai a koma famfo mai sola, ya ce in na dawo da kuɗin sai mu koma. Litinin zan kai wa malaminmu maganar.

Bari mu gwada sabuwar. Ga tukunyar, ƙasar a bushe take ƙayau, na soka, lamba tana hawa... kun ji ƙas ɗin? Ya tashi! Kai, subhanallah, tiyon ya zame, ruwa ya nufi laftof ɗina, bari in ajiye wayar nan.