Tayar mota a ƙafar mashin, a gwada ko a bari?

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da war haka. Sharhin namu na yau kan taya ne, da wagga dabara da anka fara yawo da ita a wayoyi, wai a cire tayar baya ta mashin a sa mishi ta mota. Wani ɗan kabu-kabu ne ya turo muna saƙo, ya ce ya ga bidiyo a Facebook wani Bature ya sa ma babur ɗinshi tayar mota yana ta yabon abin, wai ya manta rabon da ya je sayen taya, shi kuma ga tashi ta baya ta suɗe har zare ya fara leƙowa, kuɗin sabuwa ya fi ƙarfin abin da yake komawa da shi gida, toh shin ya gwada ko kar ya gwada?

Malam mai mashin, tambayarka ba ta wauta ba ce, matsi ne ya kawo ta. Tun da anka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, duk wani abu na jikin mashin ya tashi, sarƙa, filogi, baƙin mai, balle taya da daga waje ake shigo muna da ita. Kamfanin taya na Michelin ya rufe masana'antarshi ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi bayanshi a Legas a 2008, tun sannan farashin taya dala yake bi duk inda ta nufa. Wanda ke yini kan mashin a cikin Sakkwato daga Tsohuwar Kasuwa zuwa Arkilla zuwa Gidan Igwai dole ya riƙa neman hanyar da zai rage kashe kuɗi.

Abin da ka gani a bidiyon gaskiya ne, ana yi, musamman a Amurka. Amma ka duba irin babur ɗin da kyau. Yawanci manyan babura ne na tafiyar nesa irin Honda Gold Wing, injinshi ya haura cc 1,800, nauyinshi ya doshi kilo 400, rim ɗinshi na baya inci 16 ne mai faɗi, tayarshi ta asali ma a ƙirar da anka yi kafin 2018 faɗinta milimita 180 ne, saboda haka in anka sa mishi ta mota mai faɗin 195 tazarar ba wata babba ba ce, tana shiga gurbin ba tare da an yanke komi ba. Su kuma masu shi mutane ne da ke kama miƙaƙƙen titi su yi ta zuba gudu daga wannan jiha zuwa waccan, tsakiyar tayar ce kawai ke cinyewa, kuma tayar irin wanga babur tsada ne da ita ba na wasa ba. Sai sunka yi lissafi sunka ga ta mota ta fi araha ta kuma fi daɗewa nesa ba kusa ba.

Kuma a ba kowa haƙƙinshi, tayar mota tana da abin yabo. Robarta ta fi kauri, an yi ta ne dan ta ɗauki nauyin mota da mutanen cikinta, kayan da mashin zai ɗora mata ba su dame ta ba. In ana tafiya miƙe tana zama daram bisa kwalta saboda faɗinta, ƙaya da ƙananan ƙusoshi ba su cika huda ta da sauƙi ba, kuma da yake ba ta da tub ko ƙusa ta shige ta iskar a hankali take fita, ba irin na tub da kan sace lokaci guda ba. Akwai waɗanda sunka yi doguwar tafiya da ita lafiya lau, ba ƙarya suke ba.

Toh ina matsalar? Ka je wurin mai faci ka ce ya jingina maka tayoyin biyu a bango, ka tsuguna ka dube su ta gaba. Ta mashin bayanta a kewaye yake kamar bayan ƙwarya, zanenta ya gangaro har gefe da gefe. Ta mota kuwa bayanta a shimfiɗe yake, sai kafaɗa mai kusurwa, daga nan sai bango mai laushi wanda ba shi da zane ko ɗaya. Ba ado ne ya sa anka yi su haka ba. Mota ba ta kwanciya in za ta sha kwana, sitiyari ake juyawa tayoyi huɗu na tsaye. Mashin kuwa ba ya shan kwana sai ya kwanta, duk wanda ya taɓa zagaya shataletalen Mai Ruwa ko na Dandima da ɗan gudu ya san jikinshi da mashin ɗin tare suke karkacewa, kuma a lokacin gefen tayar ne ke riƙe da ƙasa. Tayar mashin tana mirginawa daga tsakiya zuwa gefe sannu a hankali ba ka ma ji. Ta mota in ka kwantar da ita sai ta ɗaga ta hau kafaɗarta, rabin zanen ya bar ƙasa, bangon ya riƙa lanƙwashewa yana ɗaukar aikin da ba nashi ba, mashin ɗin kuma ya riƙa gardama yana son miƙewa, sai ka danne hannu da ƙarfi kafin ya bi kwanar. Su kansu masu yabon abin suna faɗin haka, sai dai su ce ana sabawa. Eh ana sabawa a ranar da komi ke tafiya daidai, amma ranar da akuya ta faɗo maka titi a Kware ko yaro ya tsallako da gudu, kaucewar da za ka yi cikin ƙiftawar ido ba ta jiran sabo.

Sannan su can titinsu sumul ne. Mu nan bakin kwalta a cinye yake, ga ramu, ga tudun kwaltar da manyan motoci sunka murɗe saboda zafi. Taya mai faɗi in gefenta ɗaya ya hau tudu ɗayan yana ƙasa, sai ta karkatar da mashin ɗin gaba ɗaya ta ja shi inda ba ka nufa ba, kai ga fasinja a baya, wataƙila ma mace ce da goyo.

Akwai kuma batun rim, wanda shi ya fi ba ni tsoro, dan shi tun a rumfar mai faci yake iya yin ɓarna. Bakin rim ɗin mashin da na mota ba sura ɗaya ke gare su ba, ko da lambar incin ta zo ɗaya wurin da leɓen tayar ke zama ya ɗan bambanta. Sai tayar ta ƙi zama, mai faci ya shafa ruwan omo, ya ƙara iska, ta ƙi, ya sake ƙarawa, yaron shago na tsugune a kanta yana bubbuga ta da guduma. Masu ƙera taya suna gargaɗin kar a wuce 40 a geji wajen zaunar da taya a rim, amma masu wanga haɗi sau da yawa sai sun zarce haka sosai kafin su ji ta yi ƙara ta zauna. Wayar da ke cikin leɓen in ta tsinke a lokacin, tayar fashewa take, kuma fuskar wanda ke kanta ce a kusa. In ma ba ta tsinke ba ta riga ta ji rauni a ciki wanda ido ba ya gani. Shi ya sa kamfanonin taya da na babura ba su yarda da wanga haɗi ba.

Duk wannan fa a kan babban babur ne da gurbin ya ishe ta. Mu dawo kan namu, Boxer da Jincheng da ire-irensu, masu inji cc 100 zuwa 150. Tayar bayan Boxer ƙarama 3.00-17 ce, faɗinta inci 3, wato kamar milimita 76. Tayar da ake yawan gani a Corolla 195 ce, ta ninka ta biyu da rabi. Ina za ta shiga? Sai an je wurin mai walda an yanke ƙarfen da ke riƙe da ƙafar baya an buɗa shi, an sauya rim dan namu siriri ne mai wayoyi, an tura sarƙa waje dan kar ta riƙa gugar taya, kuma da zarar sarƙa ta bar saitinta da haƙoran gaba toh ta fara cin kanta ke nan. Waldar ma in an ɗan kuskure saiti, ƙafar gaba da ta baya sun daina bin layi ɗaya, mashin ya riƙa tafiya a karkace. Ga nauyi, tayar mota ta ninka ta mashin fiye da sau biyu, ƙaramin inji zai riƙa nishi kafin ya tashe ta, kulochi na ƙonewa, birkin baya na wahala, mai kuma na zurarewa kullum ta Allah. Taya sau nawa kake saye a shekara, mai kuma sau nawa kake sha a yini? Abin da ka tsira da shi wurin mai taya gidan mai zai karɓe shi da riba, an gudu ba a tsira ba.

Wasu za su ce ai mu na ƙauye ne, hanyarmu rairayi ce, mai faɗi ta fi hawa rairayi musamman in an ɗauro buhun albasa daga fadamar Wurno ko Goronyo. Gaskiya ne taya mai faɗi ba ta nutsewa kamar siririya. Sai dai wanda ya saba da hanyar rairayi ya san ƙafar gaba ce ke tona ƙasa ta kada mutum, ita kuma tana nan siririyarta, kuma injin da zai juya waccan ƙatuwar cikin rairayi da buhu biyu a kai ba shi ke jikin mashin ɗinka ba.

Sai wani abu da ba a son faɗi, wa zai sayi sabuwar tayar mota dal ya sa ma mashin? Kusan duk mai wanga tunani 'yar gwanjo yake hange, wadda wata mota ta gama cin ƙuruciyarta a wata ƙasa, alhali ma tsofaffin tayoyi na cikin kayan da kwastan ta hana shigowa da su. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, in ka ga 2319 toh sati na 23 na shekarar 2019 anka yi ta. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana faɗakarwa cewa taya in ta shekara 4 da ƙerawa a yi hattara da ita. Ku haɗa wannan da zafin Sakkwato na watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 kwalta kuma ta fi haka zafi. Mota in tayarta ɗaya ta fashe tana da sauran uku. Mashin fa?

Inda shimfiɗaɗɗiyar taya ke da gurbi shi ne abin hawan da ba ya kwanciya. Ku dubi tayar Keke Napep, 4.00-8, bayanta ya fi na mashin shimfiɗa dan ƙafa uku ke gare shi, haka mashin mai bodi na ɗaukar kaya, haka waɗanda ake gyara ma 'yan uwanmu masu lalurar ƙafa a mayar da bayan ƙafa biyu. Waɗannan in an samu taya da rim da sunka dace da juna ba ni da ta cewa. Amma mai ƙafa biyu, wanda kuma ake ɗaukar bayin Allah a kai su ba su san abin da ke ƙarƙashinsu ba, ni dai ban ga dalili ba, kuma shugabannin ƙungiyoyin kabu-kabu ya kamata su sa ido tun abin bai zama yayi ba, dan mun san halin matasanmu, ɗaya na yi a yi mishi tafi gobe goma sun yi layi wurin mai walda.

Kai kuma Malam mai tambaya, in daɗewar taya kake nema akwai abin da ya fi wannan sauƙi. Yawancin tayoyinmu rashin iska ne ke kashe su da lodin da ya wuce kima. Mai faci ya danna da babban yatsa ya ce ta yi, wannan ba awo ba ne, ka ce ya sa geji, da safe kafin tayar ta ɗau zafi, ka bi lambar da kamfanin ya rubuta, in za ka ɗau kaya ka ɗan ƙara ma ta baya. In za ka saye ka nemi mai yawan zare, za ka ga an rubuta 6PR a jikinta maimakon 4PR, ta fi jure kaya, ka kuma duba lambar shekararta kafin ka miƙa kuɗi dan sabuwa ma tana iya tsufa a shago. Wadda ke jikin mashin ɗinka yanzu da ka ce zare ya leƙo, wannan kam ko bashi ne ka ci ka sauya ta kafin ka sake ɗaukar fasinja.