Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya, daga Manoman Rani na Yankin Kura

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Girma Kwamishina, Ranka ya daɗe Hakimi, dagatai da masu unguwanni, limamai, malaman makaranta, iyayenmu mata, barkanmu da ganin wannan rana. Mai Girma, lale marhabin, sannu da hanya.

Da shigowarka ka ga ruwan Tiga yana gudu a magudanai, gonaki kore shar. Tun shekarun 1970 da wannan ruwa muke ci muke sha, kuma a cikinsa tsargiya, cutar fitsarin jini, ta samu mazauni. Ƙwayar cutar tana girma a jikin ƙananan dodon koɗi da ke maƙale a ciyawar bakin ruwa, ta fito ta huda fatar yaro mai ninƙaya, ko mace mai wanki, ko manomi da ke dashen shinkafa. Ba sai an sha ruwan ba. Mai cutar kuwa da ya yi fitsari a ruwa, ƙwan cutar sun koma cikin ruwan.

A da, in yaro ya yi fitsarin jini, sai a ce ai girma ne ya zo. Girma ina! Jininsa ne ke ƙarewa, ya rame, ya zauna a aji yana gyangyaɗi. In cutar ta daɗe takan lalata mafitsara, a mata kuma tana taɓa mahaifa, su yi ta fama a ɓoye saboda kunya.

Mun gode da maganin praziquantel da ake rabawa kyauta a makarantu. Mun ga malamai suna jera yara jikin sandar awo, tsawonka yawan ƙwayarka, bayan an tabbatar kowa ya karya kumallo. Yana aiki, mu ne shaida.

Amma Ranka ya daɗe, yaron da ya sha magani da safe, da la'asar yana cikin magudana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa 2030 a matsayin wa'adin shawo kan cutar, kuma ƙa'idarta ta 2022 ta ce inda ta kama mutum 1 cikin 10, a ba kowa magani daga ɗan shekara 2 zuwa sama. Roƙonmu ke nan: a kai wa almajiran tsangaya, da 'yan mata masu talla, da 'ya'yan Fulani a ruga, da magidanta. A haƙa mana rijiyoyin burtsatse kusa da gidaje, a gina bayan gida a makarantu da bakin gonaki. Gayya da kulawa namu ne, mun ɗauki alkawari a gaban Hakimi.

Allah ya yi maka jagora, ya maida kai gida lafiya. Bismillah, Mai Girma, ga jama'arka suna saurare.