Sai Mutum Ya Daina Shan Giya Kafin Ya Je Taron Masu Taimakon Juna?

Tambaya guda ce take ta yawo a 'yan kwanakin nan: wai wanda giya ta kama, sai ya daina sha tukuna kafin a karɓe shi a taron masu taimakon juna? A'a. Kuma wannan rashin fahimta yana iya kai mutum ga halaka, shi ya sa a kansa za mu fi tsayawa.

Da farko, wane taro ake nufi? Mafi shahara shi ne na Alcoholics Anonymous, wato AA, wadda Bill W. da Dakta Bob suka kafa a 1935 a garin Akron na jihar Ohio a Amurka. Mutane ne masu fama da jarabar giya suke zama wuri guda, galibi na awa 1, suna ƙarfafa wa juna gwiwa. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a rubuta suna. Kwandon da ake miƙawa a wurin taron na gudunmawa ne, wanda ba shi da ko sisi sai ya miƙa wa na kusa da shi. Akwai kuma SMART Recovery, da ta fara a 1994, ga wanda ya fi son a koya masa dabarun shawo kan ƙwaɗayin sha. Iyali su ma suna da nasu, Al-Anon.

Nemowa ba wuya. A shiga shafin AA na intanet, ko manhajar Meeting Guide a ƙasashen da take aiki, a duba rana da lokaci. Inda babu taro kusa, akwai na Zoom dare da rana.

To ga inda ake tuntuɓe. A jerin tarukan za ku ga an rubuta wannan taro buɗaɗɗe ne, wancan rufaffe. Mutum ya ga rufaffe sai gabansa ya faɗi, ya ɗauka na tsofaffin hannu ne waɗanda suka shekara ba su sha ba. Ba haka ba ne. Buɗaɗɗe kowa na iya zuwa, har mata da miji da likita da ɗalibi. Rufaffe kuwa na masu matsalar ne kaɗai, kuma sharaɗin shigarsa guda ne tak: kana son ka daina. Ko jiya da daddare ka sha, kujerar taka ce. Ko da warin giya ka shigo, a wurare da yawa za a bar ka ka zauna, sai dai a roƙe ka ka saurara, a yi magana da kai bayan an tashi.

Me ya sa muke ta nanata wannan? Saboda abin da kunya take sa mutane yi. Mutum ya ce shi ba zai shiga cikin jama'a a haka ba, sai ya kulle kansa a ɗaki ya yanke giyar lokaci guda. Ga wanda ya daɗe yana sha da yawa kullum, wannan haɗari ne na gaske. Ƙwaƙwalwa ta saba da giya tana danne ta, da an janye sai ta zabura. Awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, hannu zai fara karkarwa, ga zufa, ga tashin zuciya, barci ya ƙi zuwa. Cikin kwana 2 na farko wasu sukan faɗi suna jijjiga kamar masu farfaɗiya. Daga kwana 2 zuwa 4 ne mafi muni ke zuwa: ruɗewa, gane-gane, zazzaɓi, zuciya na bugu da sauri. Wannan yana kisa.

Saboda haka, ɗan'uwa, in sai ka sha da safe kafin hannunka ya daina rawa, ko ka taɓa jijjiga a baya, likita za ka fara gani. Akwai magunguna irin su diazepam da ake bayarwa ana rage su a hankali, tare da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Taro ba asibiti ba ne, ba a ba da magani a can, kuma kada wani ya sa ka ajiye wanda likita ya rubuta maka. A yi biyun tare.

Ranar farko, ka isa minti 10 kafin lokaci, ka gaya wa na bakin ƙofa cewa yau ka fara zuwa. Sunanka na farko ya isa. In layi ya zo kanka ba ka shirya ba, ka ce yau saurare kawai za ka yi, ba mai matsa maka. A nawa ganin, minti 15 na bayan tashi sun fi komai amfani ga sabon zuwa, don a nan ake musayar lambar waya, a nan kuma ake samun wanda ya riga ka nisa zai yi maka jagora. Ka karɓi lamba 2 ko 3. In taron bai kwanta maka ba, gwada wani, domin kowane rukuni da yadda yake tafiyar da zamansa.