Tafiya a Kan Ƙanƙara: Lacca ga Sababbin Zuwa Toronto

(Wata 'yar uwa mai aikin gashin ƙashi ce ta gabatar da wannan lacca a taron Hausawa mazauna Toronto, cikin watan Nuwamba, kafin sanyi ya kankama. An rubuto ta daga faifan da aka naɗa.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu da ke zaune a gaba, yayyena da ƙannena, barkanmu da yamma. Na baya kuna ji na? To madalla.

An ce in yi magana a kan sanyi, ni kuma na roƙi a bar ni in tsaya a kan abu guda, wato yadda mutum zai taka ƙasa daga Disamba zuwa Maris ya koma gida da ƙashinsa lafiya. Maganar rigar sanyi da hula kowa ya riga ya yi muku ita tun kafin ku hau jirgi. Maganar tafiya ce ba a yi muku ba, don ba wanda yake tunanin babban mutum zai buƙaci a sake koya masa tafiya.

Ni ma ba wanda ya yi mini. Hunturuna na farko a garin nan, wata safiya cikin Janairu, na fito zan kama bas. Jiya da rana an ɗan samu sassauci, dusar ƙanƙara ta narke ta kwaranyo kan hanya, cikin dare kuma ruwan ya sake daskarewa. Da na leƙa ta taga sai na ga kwalta baƙa wul, kamar an yi yayyafi. Na sa takalmin fata da na zo da shi daga gida, hannayena biyu cikin aljihu, na hango bas na ɗaga ƙafa. Taku na uku ban san lokacin da na kai ƙasa ba. Hannun dama ne ya fita ya tare, shi ne kuma ya karye a wuyan hannu. Sati shida ina ɗauke da filasta, ba na iya rubutu, alwala ma sai da dabara. Yanzu aikina ke nan, duk hunturu ina karɓar masu irin wannan karaya. Ciwo ne sananne, wani likitan fiɗa ɗan Ayilan mai suna Abraham Colles ya bayyana shi tun 1814, har yau da sunansa ake kiran karayar. Idan na tambayi majiyyaci yadda abin ya faru, kusan kullum labarina nake ji a bakin wani.

Bari mu fara da ita kanta ƙanƙarar, domin ba duka ce mai kayarwa ba. Dusar da ta sauko yanzu, fara tas, mai ƙara ƙuras-ƙuras a ƙarƙashin takalmi, wannan tana riƙe ƙafa kusan kamar yashin rafi. Wadda nake tsoro ita ce wadda ba a gani. A nan ana ce mata baƙar ƙanƙara, alhali ba ta da launi ko kaɗan, siririya ce garai-garai, baƙin kwaltar da ke ƙarƙashinta ne ido yake gani. Duk inda kuka ga hanya tana sheƙi kamar jiƙaƙƙiya, kuma ma'aunin sanyi a wayarku ya nuna digiri sifili ko ƙasa da haka, ku ɗauka ƙanƙara ce har sai ƙafarku ta tabbatar muku da akasin haka.

Ga wani abu da yake ba sababbin zuwa mamaki. Ranar da sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifili, ranar ƙanƙara ta fi riƙe takalmi. Ranar da ake cewa yau da sauƙi, sifili ko ɗaya ko biyu, ita ce ranar karaya. Dalili kuwa, saman ƙanƙara yana da wani ɗan lulluɓi mai kama da ruwa. Masanin nan na Ingila, Michael Faraday, ya yi maganarsa tun tsakiyar ƙarni na 19. Gwargwadon kusantar narkewa, gwargwadon ƙaruwar santsi, balle a ce ruwa ya kwanta a kai. Toronto kuwa gari ne na narke-daskare, tana bakin tafkin Ontariyo, yau sanyi gobe sassauci, jibi ruwan sama da ke daskarewa da zarar ya taɓa ƙasa. Gishirin da kuke gani ana watsawa yana taimakawa, amma ƙarfinsa yana raguwa sosai idan sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifili. Kada ganin gishiri ya sa ku saki jiki.

Yanzu ga zuciyar maganar. Mu da muka tashi a Kano ko Damagaram ko Kumasi, ƙafarmu ta koyi tafiya a kan ƙasa mai amana. Yashi, jar ƙasa, tsakuwa, duk suna kama tafin ƙafa. Saboda haka muna miƙa ƙafa gaba da nisa, dunduniya ta fara sauka, jiki yana baya yana biyowa. A wannan ɗan lokacin da dunduniya ta taɓa ƙasa, tana tura ƙasa gaba, ƙasa kuma tana tare ta. Ba mu taɓa lura ba don ba ta taɓa ƙin tarewa ba. A kan ƙanƙara babu mai tarewa. Dunduniya ta wuce gaba, jiki yana baya, sai mutum ya tafi rigingine, ƙeya ko ƙugu ko hannu ya biya bashin.

A Janairun 2017 ƙungiyar likitocin ƙashi ta Jamus ta shawarci mutane su riƙa tafiya irin ta fengwin, tsuntsun nan na ƙasashen ƙanƙara da ba ya tashi. Shawara ce mai kyau, amma yawancinmu a talabijin kawai muka san shi. Ni ina da misalin da ya fi kusa da mu. Ku tuna yarinyar da ta ɗebo ruwa a rijiya cikin watan Agusta, bokiti cike a kanta, gindin rijiya duk taɓo. Yaya take tafiya? Ba ta miƙa ƙafa. Takunta gajere ne, tafin ƙafa yana sauka gaba ɗaya a shimfiɗe, gwiwa a ɗan sake, ƙafafu a ɗan buɗe, nauyinta kuma yana daidai bisa ƙafar da ta taka. Ba ta ɗaga ta baya sai ta ji ta gaba ta zauna. Ba wanda ya karantar da ita, taɓo ne malaminta. Wallahi abin da nake koya wa majiyyata a wurin aiki ke nan, ba ƙari. Iyayenmu mata da ke nan sun san wannan tafiya tun suna 'yan shekara bakwai, tuno ta kawai za su yi. Abu ɗaya za ku ƙara: ku ɗan rusuna gaba kaɗan daga ƙugu, yadda ƙirji zai kasance bisa ƙafar gaba, kuma 'yan yatsun ƙafa su ɗan kalli waje.

Hannu kuma a fito da shi daga aljihu. Na san sanyi ne ke tura shi ciki, to a sayi safar hannu mai kauri. Hannu shi ne sandar da jiki ke daidaita kansa da ita, wanda ya cusa su a aljihu ya ɗaure kansa da kansa. Waya ma ta koma jaka har a isa.

Abin da ya fi ba ni wahala da 'yan uwanmu, musamman samari, kunya ce. Saurayi zai ce mini, Anti, ni ba zan riƙa tafiya kamar agwagwa mutane suna kallona ba. Ƙanena, ka dubi tsofaffin garin nan da aka haifa cikin ƙanƙara, haka suke tafiya, ba wanda ya waiwaya ya kalle su. Na biyu gaggawa. Bas ɗin da ka hango, wani yana bayansa. Ka ƙara minti goma a kan lokacin fitarka tun daga yanzu har Maris. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai takalmi, kuma a nan zan ɗan daɗe, don a nan ake asarar kuɗi. A garin nan akwai cibiyar farfaɗo da majiyyata ta Toronto Rehab, suna da wani ɗaki da aka shimfiɗa wa ƙanƙara ta gaske, ana iya karkata shi kamar gangare. Sai a sa wa mutum takalmi, a ɗaura masa igiyar tsaro, ya yi ta hawa da sauka ana ƙara karkata ɗakin har ya zame. A 2016 sun gwada takalman hunturu iri 98. Takwas kacal suka iya riƙe mutum a gangaren digiri 7. Ku ji fa, takwas cikin 98, kuma dukkansu da sunan takalmin hunturu ake sayar da su. Ashe ɗumi daban, riƙo daban. Takalmi zai iya zama da gashi a ciki, da tsada, da manyan haƙora a ƙasa, ya kuma kayar da kai. Haƙoran nan don dusa aka yi su. A kan ƙanƙara mai sulɓi irin robar ce ke aiki, wadda ba ta sandarewa cikin sanyi. Waɗanda suka ci gwajin a lokacin masu tafin Vibram Arctic Grip ne da Green Diamond, wanda aka cakuɗa wa robarsa ƙananan tsakuwoyi masu kaushi. Sakamakon gwajin yana intanet a shafin Rate My Treads, ku duba kafin ku biya kuɗi.

Wanda aljihunsa bai kai ba, akwai ƙarafunan da ake ɗaurawa a ƙarƙashin takalmi da roba, ba su da tsada, suna kuma kama ƙanƙara sosai. Sharaɗinsu ɗaya: da ka isa ƙofar kanti ko tashar jirgin ƙasa ka cire su. A kan tayil su ne santsin da kansu.

Malamai da alhazai, ku gafarce ni, ranar Juma'a ce ranar da nake jin tsoro. An sha babbar riga, an sa takalmin fata mai tafi sumul, an fito daga mota ana sauri kada a rasa huɗuba. Ku sa takalmin ƙanƙara, ai ko ba komai a bakin ƙofa za a cire shi. Rigar kuma a tattare ta a kafaɗa kafin a taka matakala. Haka mu mata, doguwar riga ko zanen da ke jan ƙasa yana hana ƙafa buɗewa lokacin da take neman ceton kanta. Masu fita sallar Asuba, lokacin ne ƙanƙarar dare take sabuwa, ba a watsa gishiri ba, ga duhu. A Disamba kuma rana tana faɗuwa kafin ƙarfe biyar, yawancinku cikin duhu za ku dawo daga aiki. Sannan silifa. Mutum ya yi alwala, ƙafa jiƙe, ya zura silifa ya ce shara kawai zan zubar in dawo. Taku biyar ne, amma a taku biyar ɗin nan na ga an karya ƙugu.

Mai goyo, nauyinki ya riga ya koma baya, wato ɓangaren da ake faɗuwa. Ranar santsi a sa yaro a keken turawa, ko a haƙura da fitar. Mai juna biyu ma haka.

Fitowa daga mota: a juyo da jiki, a sauke ƙafa biyu tare, a riƙe ƙofa, sannan a miƙe. Matakala a kama ƙarfen gefe. Gada tana riga sauran hanya daskarewa don iska tana bin ta sama da ƙasa, layin ƙarfen taragon cikin gari da farin fentin tsallaka titi su ma a taka su da hankali. In hanya ta yi sheƙi, gefenta mai dusa ko ciyawa ya fi. Wanda yake da gida, dokar gari ta ba shi awa 12 bayan dusa ta tsaya ya share gaban gidansa. Inda aka bar hanya ba gyara, a kira 311, lambar hukumar gari.

In kuma ƙafa ta riga ta tafi, a saki kayan hannu, ko mene ne. A sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji don ƙeya ta tsira, a lanƙwasa gwiwa, a yi ƙoƙarin sauka a gefe inda nama yake, kada a miƙe hannu sandar a tare ƙasa. Bayan an faɗi kada kunya ta sa a zabura. A ɗan kwanta a ji jiki, a mirgina a durƙusa, sannan a tashi.

Na ga Baba ya ɗaga hannu. Na'am, Baba? Baba yana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, Allah ya ƙara girma, ni ma na yi imani da haka. Amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali, takalmi mai riƙo da gajeren taku su ne igiyar. Ku kuma iyayenmu ku ne kuka fi damuna, don karayar ƙugu ga mai shekara 70 tana iya kwantar da shi watanni, wani ba ya komawa tafiyarsa ta da. Ga ranar nan ta hunturu ba ta da ƙarfin da fatarmu za ta samar da bitamin D, wanda ƙashi ke buƙata. Hukumar lafiya ta Kanada tana shawartar duk wanda ya haura 50 ya riƙa shan ƙwayarsa kullum, ku tambayi likitanku.

Wata 'yar uwa tana tambaya yaushe ne za a je asibiti. In kai ya bugu, sai aka ga amai, ko ruɗewa, ko barci mai nauyi, ko ciwon kai da ke ƙaruwa, a kira 911 nan take. Mai shan maganin tsinka jini kuwa ko bai ji komai ba ya je a duba shi. Wuyan hannu in ya kumbura, ko ana jin zafi a gindin babban yatsa, kada a tsaya shafa man zafi ana ja. Akwai ɗan ƙaramin ƙashi a wurin da karayarsa ba ta cika fitowa a hoton farko ba, in aka yi sakaci kuma ba ya haɗewa da kyau. In sun ce ku dawo bayan kwana goma ko sati biyu a sake hoto, ku koma.

Lokacin Magariba ya gabato. Bayan salla ina nan bakin teburin can, na zo da takalma biyu da ƙarafunan ɗaurawa don ku taɓa ku ji bambancin robar. Duk wanda ya riga ya sayi nasa ya kawo in juya shi in duba tafin, in da rasit kuma ba a taka shi waje ba, yawancin kantuna suna karɓa a canza. Wassalamu alaikum.