Zube, waƙa da wasan kwaikwayo: yadda ake gane kowanne

Jama'a masu kallo, assalamu alaikum. Ɗaliban lakwal da na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a nan Maraɗi sun sha tambaya: idan an miƙo maka rubutu, ta yaya za ka gane rukuninsa? Da yawa sukan duba abin da rubutun ke magana a kai, su ce wannan na soyayya ne, wancan na wa'azi. Wannan jigo ne, kuma jigo ba ya raba rukuni. Ginin rubutun ake dubawa.

Mu ɗauki kokawa. Ranar da aka kara a filin kokawa na Maraɗi, makaɗi zai wasa gwaninsa da ganga da ƴan amshi, ya yi waƙa ke nan. Wani ya zauna ya ba da labarin karawar daki-daki, ya yi zube. Samari su raba matsayi, wannan ɗan kokawa, wancan alƙalin wasa, su maimaita abin gaban jama'a, sun yi wasan kwaikwayo. Jigo ɗaya ne, rukuni uku. Kowanne kuma yana da na baka da rubutacce.

Zube shi ne magana shimfiɗe, ba kari ba rerawa. A na baka, mabuɗi kan tona asirin abu. Ka ji "ga ta nan, ga ta nan ku", aka amsa "ta zo mu ji ta", to tatsuniya ce: da dare ake yin ta, sau da yawa Gizo da Ƙoƙi ne taurarinta, a rufe da "ƙurunƙus". Ka ji "ƙulun ƙulufita", kacici-kacici ne. Inda ake yawan ruɗewa shi ne tsakanin ƙissa, hikaya da tarihihi. Ƙissa labarin annabawa ne da sahabbai, tushenta Alƙur'ani da hadisi, ba a yi mata ƙari. Hikaya ta shigo ta littattafan Larabci, ba dole ta zama gaskiya ba. Tarihihi kuwa tarihi ne da baki ya yi wa gishiri, kamar labarin Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu a Daura.

Rubutaccen ƙagaggen labari na boko ya kankama da gasar da wani Bature mai suna Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. A nan ana duba jigo, zubi da tsari, salo da taurari. Matsalar sababbin marubuta ita ce ɗauko ɗabi'ar tatsuniya, inda aljani zai faɗo daga sama ya warware rikici. Mai sauraron tatsuniya ya yarda da haka tun daga mabuɗi. Mai karanta labarin da aka gina a kasuwar Maraɗi yana son dalili.

Waƙa ce ta fi bukatar a tsaya. Waƙar baka tana tafe da kiɗa, da jagora, da ƴan amshi. Tana da gindi, wato layin da ake komawa kansa, da ɗiya da jagora ke saƙawa. Tsawon ɗiyan ba ya zama ɗaya, kuma makaɗi na iya ƙara sabo nan take idan wani mai kyauta ya shigo fili. Saboda haka waƙa guda kan fito iri biyu a zama biyu, kuma ba aibi ba ne.

Rubutacciya ba ta da wannan sakewa. Ta bunƙasa a ajami zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƴarsa Nana Asma'u, kan ma'aunin waƙar Larabci. Layi ɗaya sunansa ɗango, tarin ɗangogi baiti. Mai ɗango biyu ƴar ƙwar biyu ce, mai biyar ƴar ƙwar biyar, kuma adadin da ka fara da shi za ka riƙe har ƙarshe. Amsa-amo, wato sautin da ke maimaituwa a ƙarshen ɗangogi, iri biyu ne: babba, wanda ke rufe kowane baiti daga farkon waƙa zuwa ƙarshenta, da ƙarami, wanda ke cikin baiti, yana sauyawa daga wannan zuwa wancan.

Sai kari, wato tsarin nauyin gaɓoɓi a cikin ɗango, inda mafi yawa ke faɗuwa. Gaɓar Hausa ko mai nauyi ce ko marar nauyi. Baƙi da gajeren wasali marar nauyi ne. Baƙi da dogon wasali, ko gaɓar da baƙi ya rufe, mai nauyi ne. Boko ba ya nuna tsawon wasali: garin da ake zama da garin da ake tuwo rubutunsu ɗaya, amma "ga" ta farko gajera ce, ta biyu doguwa. Wanda ya ƙirga gaɓoɓi da ido zai ga ɗangoginsa sun daidaita, ya zo rerawa harshe ya harɗe. Maganin shi ne a rera kowane ɗango da murya ɗaya kafin a wuce. Inda ka ji dole sai ka ja wasali ko ka haɗiye shi, nan karin ya karye. A ganinmu waƙa mai raunin amsa-amo ta fi mai karyayyen kari sauƙin saurare.

Wasan kwaikwayo kuwa, tashen watan azumi da wasan gauta sun riga dandamali da rediyo. Rubutacce ana raba shi kashi-kashi, kowane kashi fitowa-fitowa, sunan ɗan wasa a gefe, maganarsa a gaba, umarnin motsi cikin alamar baka biyu. Babu mai ba da labari. Idan ka rubuta "Tanko ya ji haushi a ransa", ka koma zube, domin ɗan kallo ba ya ganin zuci. Sa Tanko ya ture kwanon tuwo, ya tashi bai wanke hannu ba, matarsa ta bi shi da "Malam, lafiya?" ya fice bai amsa ba.