Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Filaye da Gidaje

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe Uban Ƙasa, malamanmu, iyayenmu maza da mata. A madadin mutanen wannan gari na bakin fadamar Rima, ina yi wa babban baƙonmu barka da zuwa. Ka tako da ƙafarka cikin damina, hanya duk laka. Allah ya saka da alheri.

Labari ya iso mana cewa masu kuɗi na neman tudun nan don gina babban otal da wurin shaƙatawa. Ba mu ƙi ci gaba ba. Roƙonmu a san tarihin filin kafin a sa hannu. A taswirar masu safiyo fili ɗaya ne, amma mu gona-gona muka san shi: wannan ta gado ce, waccan jingina ce da ba a fanshe ba, ta gabanta aro ce tun kakanni. Ga burtali, ga tsohuwar maƙabarta. Iyakokin ma gamba ce da gawo da shaidar dattawa, babu wanda ke da satifiket.

Mun san doka. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, dokar 1910 ta sa filayen Arewa a hannun Gwamna, ta 1978 kuma ta game ƙasa baki ɗaya. Sai dai amana aka ba Gwamna. Inda gizo ke saƙa shi ne diyya: shuka da itace da gini ake biya, ban da ƙasar kanta. Mai gonar gero ya karɓi ɗan abin da bai kai shekara ba, jikokinsa su rasa gado. Dattawan nan ba su manta da madatsar ruwan Bakolori ba, inda rikicin diyya ya ci rayukan manoma a 1980.

Sai maganar caca, tunda irin waɗannan wurare sukan zo da ita. Sun City, wani wurin shaƙatawa da caca da aka buɗe a 1979, a Bophuthatswana aka gina ta, yankin da Afirka ta Kudu ta ware mai nasa dokokin, don dokar Afirka ta Kudu ta hana caca a lokacin. Nan jihar Shari'a ce, a rubuta haramcin ɓaro-ɓaro cikin takardar filin.

Ranka ya daɗe, kafin katafila ta shigo, a zauna da masu unguwanni a rubuta sunan kowane mai gona, har da zawarawa da marayu. Dattawa na nan a shirye su zagaya da kai bayan azahar.

Mun gode. Wassalamu alaikum.